Katate-jime: yadda ake shaƙar hannu ɗaya a judo ba tare da ka murƙushe wa abokinka maƙogwaro ba

Salamu alaikum 'yan uwa. Da yawa daga samarin da ke zuwa koyon judo nan Birnin Kebbi daga kokawa sunka fito, kuma a tsaye wallahi ba ka raina su, ƙugu akwai ƙarfi, ƙafa kuma ta san ƙasa. Matsalar tana farawa ne da an faɗi. A kokawa da ka kai mutum ƙasa shi ke nan makaɗa sun ɗauka, a judo kuwa in kayen bai kai ippon ba, wato cikakken makin da ke ƙare wasa, to wasa na ci gaba a kwance, to nan ne za ka ga ƙato ya danne mutum ya rasa yadda zai yi da shi sai kawai ya kai hannu wuya ya hau matsa da ƙarfin tsiya, na ƙasa na tari ido ya yi ja amma shaƙa ba ta kama ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ake shaƙar hannu ɗaya, wadda ake kira katate-jime, daga farkonta har inda ake saki.

Kodokan, makarantar da Jigoro Kano ya kafa a Tokyo a 1882, ta lissafa dabarun ƙasa 32, a cikinsu 12 shaƙa ne, katate-jime na ciki. Ba ta cikin shaƙa biyar da ake nunawa a katame-no-kata, wato tsararren jerin dabarun ƙasa na Kodokan, ina ganin shi ya sa ba a cika koyar da ita da wuri ba. Kuma kar ka haɗa ta da kataha-jime, waccan ta baya ake yin ta, hannunka ɗaya ya bi ta hammatar mutum ya hau ƙeyarsa. Tamu ta gaba ce, mutum na rigingine kai kana samansa.

Kafin mu taɓa riga, ka san mi kake matsewa

A wuya akwai abu biyu. Akwai maƙogwaro a tsakiya inda iska ke bi, akwai kuma manyan jijiyoyin jini guda biyu, ɗaya kowane gefe, masu kai jini ƙwaƙwalwa. Sa yatsa biyu ƙarƙashin muƙamuƙinka gefen maƙogwaro za ka ji suna bugawa. Su muke nema. Duk wanda ya taɓa ban ruwan shinkafa a fadama ya san in ka taka tiyo ba sai ka fasa shi ba ruwa ke tsayawa, to haka jijiyar nan take, matsa kaɗan a daidai wuri ya isa, kuma in ta kama da kyau mutum na iya suma cikin sakan 10 ko kusa da haka, wani lokaci ma bai ji wani zafi ba. Maƙogwaro kuwa guringuntsi ne, in ka hau shi da nauyi zafi ne mai tsanani, yana iya samun rauni, kuma mai taurin kai zai iya daurewa ya daɗe. Katate-jime tana da wanga haɗari fiye da wasu shaƙe-shaƙen saboda sangalin hannunka ta gaban wuya yake gittawa, kuskure kaɗan ka sauka kan maƙogwaro. Don haka ba dabara ba ce ta mutum biyu su kalli bidiyo a waya su shiga zaure su gwada. Sai da koci a tsaye kanku, sai kan katifa.

Yara ƙanana ba a yi musu, ba su kuma yi. A Japan kanta an daɗe da hana shaƙa a gasar 'yan firamare, a 2022 kuma anka ƙara da 'yan ƙaramar sakandare. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, mai tsohon ciwon wuya, duk su faɗa wa koci tun kafin a fara, ba abin kunya ba ne.

Sai sallama. Wanda ake shaƙa in ya ji ta kama ya bubbuga sau biyu ko fiye, a jikinka ko a katifa, da hannu ko da ƙafa, ko ya ce maitta, wato na sallama. Kai kuma ka saki nan take, ba wai ka ƙara sakan ɗaya don ka tabbatar ba. Na fi son ya bubbuga a jikina don wurin tirenin da hayaniya ba lallai ka ji bugun katifa ba.

Mataki na farko: danne

Zan yi bayanin kana ɓarin daman abokinka. Shi yana rigingine, kai ka gitta a kansa ƙirji kan ƙirji, kansa na wajen hannunka na hagu, ƙafafunsa wajen hannunka na dama. Wanga shi ne yoko-shiho-gatame da kowa ya sani, hannun hagu ƙarƙashin wuyansa riƙe da kwala, na dama wajen ƙugu ko bel.

Kar ka yi gaggawar barin nan. A dokar gasa ta yanzu danne na sakan 20 ippon ne, daga 10 zuwa 19 waza-ari, makin da ke bin ippon, kuma tun 2025 da anka dawo da yuko, ƙaramin maki, sakan 5 zuwa 9 ma suna da maki. Kenan in alƙalin wasa ya riga ya ce osaekomi, wato danne ya kama, kai ke da riba, agogo kai yake yi wa aiki, shaƙa ƙari ce. Wanda ya saki danne mai kyau don kwaɗayin shaƙa ya tashi a tutar babu, ni ban ga wayonsa ba. Nauyinka ya sauka kansa sosai, ƙugu ƙasa, yatsun ƙafa su kafe a katifa, ba ka durƙusa kan gwiwa ka ɗaga ɗuwawu sama ba. In abokinka na iya jan numfashi cikin daɗi yana ma yi maka hira to ba ka danne shi ba, kwanciya kawai ka yi.

Mataki na biyu: kashe hannunsa na kusa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane ke tsallakewa. Sunan dabarar ya sa kowa hankalinsa na kan hannun da zai shaƙa, alhali in ba ka kashe hannunsa na dama ba, wato na kusa da kai, da shi zai ture gwiwar hannunka ko ya tokare maka ƙugu ya juyo.

Ka saki ƙugunsa da hannun dama ka dawo da shi ɓarin da kake, ka ajiye shi jikin ƙugunsa na kusa don kar ya cusa gwiwa ya shigo da ƙafa. Sai ka fara zagayawa wajen kansa da ƙananan taku, kamar za ka koma kami-shiho-gatame, dannen da ake yi ta saman kai, amma ba za ka kai can ba, ƙirjinka na goga nasa ba ya ɗagawa ko kaɗan. Wagga zagayawa ita ke buɗe hammatarsa. Da ta buɗe sai hannunka na dama ya shiga tsakanin damtsensa da haƙarƙarinsa, ya bi ƙarƙashin kafaɗa, tafin hannu na kallon sama, har yatsu huɗu su shiga cikin kwalar rigarsa ta wajen ƙeya. In kwalar ta yi nisa, ai hannunka na hagu na nan ƙarƙashin wuyansa tun ɗazu, shi zai miƙo maka ita. Ka riƙe ka matse gwiwar hannunka jikin haƙarƙarinka, sannan ka ɗan dawo gefe inda ka fito. Yanzu hannunsa na dama ya maƙale tsakanin damtsenka da jikinka, yana iya motsa yatsu amma ba ya da amfani.

Wasu maimakon kwala bel suke kamawa ta ƙarƙashi, ko su naɗe hannun a hammatarsu kawai. Duk yana yi. Ni dai kwalar na fi so saboda tana ɗaure rigar ta baya ba za ta zamo ba in ka zo jan ta ta gaba. Amma ka riƙe a ranka hannun nan na dama ba shaƙa yake yi ba, turke ne, aikinsa ya tsaya cik.

Gwada wanga wuri kafin ka wuce: ce wa abokinka ya yi iya ƙoƙarinsa ya juyo wajenka ko ya zare hannu. In ya iya, koma ka gyara, kar ka je mataki na uku.

Mataki na uku: shigar da babban yatsa

Zaro hannun hagu daga ƙarƙashin wuyansa. Lokacin nan ne ka fi rauni don kansa ya samu sarari, to ka ƙara sauke ƙirji, kanka ƙasa. Hannun ya bi ta kan ƙirjinsa ya tsallaka zuwa kwalarsa ta hagu, wadda ke nesa da kai. Ta kan ƙirji na ce fa, ba ta kan fuska ba, sa hannu a fuskar abokin wasa shido ne, wato laifin da alƙali ke rubuta maka, ga shi kuma ka sanar da shi abin da ke zuwa sai ya kafe haɓa.

Rigar judo ɓarin hagu ke hawa kan na dama, kenan kwalar da kake nema ita ce ta sama, ba wuyar buɗewa. Babban yatsa ya shiga ciki, yatsu huɗu a waje, tafin hannu na kallon ƙasa. Sai ka zame hannun sama yana bin kwalar har ya kai gefen wuyansa.

Ina za ka tsaya? Ita ce tambayar da ake yawan yi, wani yaro ya taɓa ce min Yaya ni fa in na zurfafa sai in ji hannuna kan haɓarsa, in na yi ƙasa kuma rigar ta yi sako-sako. Gaskiyarsa, duka biyun haka suke. In ka cusa har ƙeya irin yadda ake yi a juji-jime, shaƙar da ake gitta hannu biyu, sangalin hannunka zai tashi ya hau muƙamuƙi, in ka kama wajen ƙirji kuma akwai ragowar yadi da yawa, za ka sauke gwiwar hannu har katifa ba abin da ya matse. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne ƙashin tsintsiyar hannunka, na wajen ƙaramin yatsa, ya zauna daidai inda ka ji jijiya na bugawa a gefen hagu na wuyansa. Ba dunƙulen hannu ba, tsintsiyar. Tsawon wuya da faɗin riga sun bambanta, na mai ƙiba daban na siriri daban, dole sai hannu ya saba.

Maganar riga ma ba ƙarama ba ce. Ta gasa kaurin kwalarta ba ya wuce santimita 1, mai tauri ce tana riƙe yatsa. Irin wadda tela ke ɗinka mana da yadi mai laushi don sauƙin kuɗi kuwa tana naɗewa ta zama igiya, ta fi cizo ta fi yanka fata, ga ta da yagewa, in ita abokinka ya sa ka rage ƙarfi sosai. Lokacin zafin Maris zuwa Mayu kuma da gumi ke jiƙa riga sharkaf yatsa na zamewa, sai ka ga mutum ya ƙara ƙarfi don ya rama zamewar, a'a, sake kamu za ka yi.

Mataki na huɗu: sauke gwiwar hannu

Yanzu dubi abin da ka gina. Kwala ta zagaye bayan wuyansa daga hannunka na dama zuwa na hagu, sangalin hannunka na hagu kuma ya gitta ta gaba. Zobe ne wanda bai rufe ba tukuna, ƙofarsa na wajen gwiwar hannunka. Rufewar ita ce shaƙar.

Kafin ka sauke, zame sangalin ya shige ƙarƙashin haɓa ya kwanta jikin muƙamuƙi. Juya tsintsiyar hannu kaɗan yadda kaifin ƙashin, gefen ƙaramin yatsa, shi ke fuskantar wuya ba tsokar ciki mai laushi ba. Tsintsiyar ta miƙe, kar ta lanƙwashe. Sannan ka kai gwiwar hannun ƙasa wajen katifa, tsakanin kunnensa na dama da kafaɗarsa, a hankali, kana ƙirga ɗaya biyu uku a ranka. Ba dannawa za ka yi tsaye kan tsakiyar wuya ba, naɗewa za ka yi, hannun na zagaya wuyan zuwa gefen da kake. Bambancin kenan tsakanin jijiya da maƙogwaro.

Kuma ba damtse ke saukar da ita ba. Miƙe ƙafafu baya, ƙugu ya faɗi, kafaɗarka ta hagu ta bi gwiwar hannun, nauyin jiki ne ke tafiya da ita. Wanda ke yi da ƙwanji za ka gan shi ya ɗago ƙirji don ya samu wurin dannawa, da ya ɗago kuwa na ƙasa ya samu iska ya yi gada, wato ya tura ƙugu sama, ya juye shi. Minti 4 ne wasa, in ka ƙone hannunka a shaƙar da ba ta kama ba da mi za ka riƙe riga in an ce a tashi?

A tirenin ka tambayi abokinka mi ya ji. In ya ce kansa ya yi nauyi, fuska ta cika, ido na neman rufewa, kunne na ɗan ƙara, ta kama daidai. In tari ya yi ko ya ce zafi a tsakiya kamar zai yi amai, maƙogwaro ka hau, saki ka gyara kusurwa, galibi dai gwiwar hannun ce ta tsaya sama ko kamun ya yi ƙasa. Kar ka ɗauki bubbugar zafi a matsayin nasara, a gasa wanda ya saba ba zai bubbuga ba.

In ya ƙi ba da wuya

Zai kafe haɓa a ƙirji, shi ne na farko. Ba a shaƙa ta kan haɓa ko baki, haƙora da muƙamuƙi kake wa ɓarna kuma alƙali na iya tsayar da ku. Ka bar babban yatsan inda yake ka ci gaba da danne, agogo na tafiya, shi ne dole ya motsa, kuma ba mai iya yin gada da ƙarfi haɓarsa na manne da ƙirji har ƙarshe. Da ya tura ƙugu sama wuya ya buɗe sai hannun ya shige. Haƙuri ne kawai.

Zai kawo hannun hagu ya riƙe hannun rigarka ko ya ture gwiwar hannun sama. To ka manna gwiwar da jikinka ka sa nauyin ƙirji a kanta, hannu ɗaya daga kwance ba ya ɗaga mutum. In ya miƙe hannun sosai wajen turawa ya ba ka wata ƙofa ta kamun gwiwar hannu, amma wannan zancen wata rana ne.

Zai juyo wajenka, kuma wagga ita ce kariya ta gaskiya, ita ma nake koya wa mutane in su ake shaƙa: juyo wajen mai shaƙar ka matse kafaɗa da kunne, kar ka juya baya. In ya samu juyowa to hannunka na dama ne ya yi sake. In kuma ya juya nesa da kai ya ƙara matse kansa da kansa, ka yi hattara a nan don tana kamawa da sauri fiye da yadda ka shirya.

In ya harɗe ƙafarka da ƙafafunsa biyu alƙali zai ce toketa, danne ya warware, amma shaƙar ba ta haramta ba, in ta riga ta zauna kana iya ƙarasawa. Abin da doka ta hana shi ne shaƙa da yatsu zalla, ko da bel, ko da gindin riga.

In anka samu suma

Yana faruwa ko da an kiyaye, musamman da masu jin bubbuga faɗuwar girma ce. Idonka na kan abokinka koyaushe, in hannunsa ya saki ko jikinsa ya yi laushi ko ya fara wani irin minshari ko karkarwa, saki ka kira koci. A sassauta masa riga da bel, a duba yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, a ba shi iska, kar a taru a kansa. Kar a ɗaga shi zaune da ƙarfi, kar a jijjiga wuya, kar a ɗura masa ruwa a baki yana sume. Galibi cikin 'yan sakanni yake farfaɗowa yana tambayar mi ya faru. In numfashi babu, a fara danna ƙirji in akwai wanda ya iya, kuma in hakan ta faru ko bai farfaɗo da wuri ba a nufi asibiti, Sir Yahaya ko duk wanda ya fi kusa. Wanda ya suma ya gama na ranar, ko ya rantse lafiyarsa lau, a gasar matasa 'yan 15 zuwa 17 ma doka ce wanda ya suma da shaƙa ba ya ci gaba. In kuma bayan an koma gida murya ta dishe, ko haɗiya na wuya, ko ciwon kai mai tsanani, ko ɓarin jiki ya yi sanyi, ko baki ya karkace, ba maganar shafa man zafi ba ce, likita za a gani a daren. Da azumi ko ranar da zafi ya yi yawa ni nakan ce a yi kamun kawai a bar matsewa, ƙishirwa kaɗai na sa jiri balle an taɓa jijiya.

Yadda za ku maimaita

Ku raba ta. Satin farko mataki na ɗaya da na biyu kawai, danne, zagaya, kashe hannu, dawo, sau 10 ku canja, ba wanda ya taɓa wuya. Bayan nan a ƙara shigar da yatsa da kwantar da sangali ba matsewa, na ƙasa na faɗa maka sama kaɗan, ƙasa kaɗan, yawwa nan. Sai hannu ya daina lalube sannan a fara saukar da gwiwa, shi ma rabin ƙarfi. Daga baya na ƙasa ya fara gardama kaɗan-kaɗan, farko haɓa kawai, sannan hannu, sannan juyowa, har ku kai ga randori na ƙasa, wato wasan gwaji, inda kowa ke neman nasa. Ka riƙa canja abokin yi, siriri da mai kauri, dogo da gajere, don kamun da ya zauna a wuyan wani ba zai zauna a na wani ba. In ɓarin dama ya faɗa hannu sai ka koma ɓarin hagunsa ka faro daga danne, a can hannun hagu ke shiga hammata, na dama ke neman kwala.